Fiɗiyar Karnuka: Amfaninta Da Inda Amfanin Ya Tsaya



Na sani sa'ad da aka manna takardar sanarwar wannan lacca akwai waɗanda suka karanta suka yi murmushi, suka ce, ashe duk matsalolin da suka dami ƙasa an rasa wanda za a tara mutane a kansa sai kare? Ban ga laifinsu ba. Kare ba shi da daraja a idonmu, har ma in ana so a wulakanta mutum da sunansa ake kiransa. Amma ni likitan dabbobi ne, kuma abin da ya sa na zaɓi in kawo muku wannan magana, ku musamman, shi ne na san hanyar da yawancinku za ku bi. Nan da shekara biyu ko uku za ku kama aiki, a ba ku gida mai shinge a unguwar ma'aikata, a yi muku sata sau ɗaya, kashegari ku aika a nemo muku ɗan kwikwiyo don gadi. Wasu da ke zaune a nan ma sun riga sun yi. To, tun daga ran nan mutum ya ɗauki wani nauyi wanda ba wanda ya karanta masa sharuɗɗansa.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Karya takan balaga tun tana da wata shida zuwa shekara guda. Daga nan takan shiga lokacin neman barbara, galibi sau biyu a shekara, kowane karo ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Kun san alamarsa ko da ba ku taɓa lura da dalilinsa ba: shi ne lokacin da za ka tashi da safe ka tarar da karnukan unguwa sun yi sansani a ƙofar gidanka, suna faɗa da juna, sun hana yara wucewa makaranta. Cikinta kwana 63 ne, ko kusa da haka. Mu ƙaddara ta haifi shida, kuma sau ɗaya tak a shekara. Cikin shekara biyar ke nan karya ɗaya ta ba ka kwiyakwiyai 30. Ina za ka sami gidaje 30 masu son kare, masu ciyar da shi, masu kai shi allura?

Haihuwar fari ba ta da wuya, gama abokan aiki za su zo su zaɓa. Amma ku lura da wanda suke zaɓa: maza suke ɗauka, su bar maka mata, don kowa gudun abin da ya same ka yake yi. Haihuwa ta biyu masu so sun ragu. Ta uku kuwa sai a sami kwali a zuba su, a ba yaro ya kai bayan kasuwa ko gefen juji da almuru. Yawancinsu ba sa kai labari, yunwa da tsutsar ciki da mota ke gamawa da su. Waɗanda suka rayu su ne karnukan da muke gani a mahauta da bakin kwata, muna cewa ba su da masu su. Lalle suna da asali. Daga gidan wani suka fito, ko su, ko uwarsu.

Akwai wani matashin ma'aikaci da ya taɓa kawo mini karyarsa, ta yi kwana huɗu ba ta cin abinci, sai shan ruwa kamar ta kwana a hamada, cikinta ya kumbura. Ya ce shi dai ya gaji da haihuwarta, sai wani ya ba shi shawara ya riƙa sa ana yi mata allurar tazarar haihuwa irin ta mata. Da muka buɗe cikin muka tarar mahaifar ta cika fal da mugunya. Ta rayu, amma da ƙyar, kuma abin da ya kashe a wannan dare ya ninka abin da zai biya da ya kawo ta tana da lafiya. Ban kawo labarinsa don in yi masa dariya ba. Ya gane matsalar daidai, hanyar ce ya ɓata.

To, mece ce hanyar? A wajen namiji sunan aikin fiɗiya, watau a cire 'ya'yan maraina. A wajen mace aikin ya fi girma, domin sai an buɗe ciki an cire ma'ajiyar ƙwai guda biyu, sau da yawa tare da mahaifar. Don sauƙin magana zan kira su duka biyu fiɗiya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu sun san taure ya fi bunsuru ƙiba da daɗin nama, sun san sai an dandaƙe sa yake yin haƙurin jan garma. Amma ina roƙonku ku riƙe wannan: kare ba bunsuru ba ne. Dandaƙa, da ɗaure maraina da roba, da matse jijiya da na'urar nan ta Burdizzo wadda ake yi wa shanu, duk ba su dace da jikin kare ba, azaba ce da kumburi da ruɓewa. Fiɗiyar kare tiyata ce, likita ke yinta, da allurar barci da maganin kashe zafi da kayan aiki masu tsabta.

Wani zai tambaya, shin addini ya yarda? Ni ba malami ba ne, ba kuwa zan yi fatawa a nan ba. Abin da na sani shi ne littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda da yawa daga cikinmu muka karanta a zaure, ya halatta fiɗiyar tumaki da awaki don gyaran namansu, ya ambaci hani a kan fiɗiyar dawaki, kuma ya ƙayyade dalilan da ake ajiye kare saboda su, watau tsaron gona da rakiyar dabbobi da farauta. Wannan ya nuna malamai sun daɗe suna auna irin wannan al'amari da ma'aunin amfani da cutarwa. Wanda ya je tambaya, sai ya kai wa malaminsa maganar cikakkiya, ya haɗa da labarin kwalin nan da ake kaiwa juji, domin shi ma abin tambaya ne.

Amfanin fiɗiya ga ita kanta dabbar ba kaɗan ba ne. Ciwon nan na mugunya a mahaifa ba sai an yi wa karya allura yake kama ta ba. A ƙasar Suwidin, inda ba a cika yi wa karnuka fiɗiya ba, kuma ana ajiye lissafin cututtukansu sosai saboda inshora, an gano kusan karya ɗaya cikin huɗu takan kamu da shi kafin ta cika shekara goma. Wadda aka yi wa aiki ta tsira daga wannan. Haka kuma akwai ƙarin da ke fitowa a nono. Wani bincike da aka yi a Amurka cikin 1969 ya nuna karyar da aka yi wa aiki kafin ta fara neman barbara da wuya ƙwarai ta same shi, kuma kariyar tana raguwa da kowane karo da ya wuce. Cikin 2012 wasu masana a Ingila sun sake duba hujjojin, suka ce ba su kai ƙarfin da aka daɗe ana ba su ba, saboda haka nakan faɗi wannan amfani da ɗan sassauci. Namiji kuwa yakan tsira daga ciwon dajin maraina da kumburin nan na mafitsara da kan matsa wa tsofaffin karnuka. Akwai kuma wani ƙari mai zubar da jini a al'aura wanda karnuka ke ɗauka wajen barbara. Abin mamakinsa shi ne ba ƙwayar cuta ce ke yawo ba, tsokar ƙarin ce da kanta ke tashi daga wannan kare ta dasu a jikin wancan, kuma asalinta daga jikin kare ɗaya ne wanda ya mutu shekaru dubbai da suka wuce. Duk inda karnuka ke yawo sakaka ana samunsa, mu ma muna ganinsa a asibitocinmu.

Yanzu sai tambayar da na san tana bakin kowane mai gida: in na yi masa fiɗiya, ba zai zama rago ba, ɓarawo ya tsallake shi yana barci? Abin da aikin ya fi ragewa shi ne yawon neman mace, da faɗa da sauran maza, da ɗiga fitsari a kowace kusurwa. Haushi ga baƙo da kishin gida ba daga maraina suke fitowa ba, daga hali ne da tarbiyya. Hasali ma, karen da ya tsallake shinge ya bi karya kwana uku, wa yake yi wa gadi a waɗannan kwanaki? Amma kada kuma a ɗauki aikin maganin mugun hali. Karen da ke cizo don tsoro, ko don an ɗaure shi a rana ana dukansa tun yana ƙarami, wuƙar likita ba za ta gyara shi ba.

Da zan tsaya a nan da na zama ɗan talla, ba likita ba. Aikin yana da nasa farashi. Kowace tiyata da allurar barci tana da haɗari, ko da kaɗan ne. Fiɗiyayyen kare yana saurin ƙiba in ba a rage masa abinci ba. Wasu mata, musamman manyan iri, sukan sami yoyon fitsari bayan shekaru, ko da yake akwai maganinsa. Babban abin da ya sauya tunanin likitoci a 'yan shekarun nan shi ne maganar lokaci. Sinadaran da maraina da ma'ajiyar ƙwai ke zubawa cikin jini ba haihuwa kaɗai suke yi wa aiki ba, su ne kuma ke gaya wa dogayen ƙasusuwa lokacin da za su daina tsawo. In an cire su da wuri sai ƙashi ya ɗan zarce, gaɓa ta sami matsala. Cikin 2013 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka duba wani babban irin kare na Turai, suka ga mazan da aka yi wa fiɗiya kafin su cika shekara sun ninka waɗanda ba a yi wa ba wajen samun ciwon gaɓar ƙugu. Cikin 2016 suka duba karen nan na Jamus da muke kira Alseshan, wanda shi ne abin yayi a gidajen manyan ma'aikata, suka tarar ciwon gaɓoɓi ya kai wajen ninki uku ga waɗanda aka yi wa aiki kafin shekara guda. Cikin 2020 suka faɗaɗa binciken zuwa iri 35, sai ga shi ƙananan karnuka galibi abin bai shafe su ba. Saboda haka ba wata rana ɗaya da ta dace da kowane kare. Mai Alseshan ya haƙura har karen ya gama girma, amma fa ya sani haƙurin nan yana nufin tsare karya a ɗaki mai ƙofa duk lokacin da ta shiga neman barbara. Mai karen gida irin namu, wanda ke fita da shiga yadda ya ga dama, lissafinsa dabam ne, domin haɗarin da ke gabansa ciki ne, ba ciwon ƙugu ba, kuma ni a ganina jinkiri ba nasa ba ne.

A ƙasar Norwe ma doka ba ta yarda a yi wa kare fiɗiya haka kawai ba, sai da dalili na lafiyarsa ko wata bukata ta musamman, kuma duk da haka ba su da matsalar karnukan titi. Nakan ji masu ƙin aikin suna kafa hujja da wannan. Amma a can kare ba ya fita sai da mai shi. Wanda zai iya riƙe karensa irin wannan riƙo, ba ni da ja da shi. Sai dai kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah ko shingen gidansa ya kai haka. Amurka kuwa ta bi ɗaya hanyar. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta ana kashe karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 10 kowace shekara a gidajen da ake tara waɗanda aka yasar. Aka buɗe asibitocin fiɗiya masu rahusa, birane suka sa kuɗin lasisin karen da ba a yi wa aiki ba ya fi tsada, aikin ya zama al'ada. Zuwa 2019 adadin ya sauko ƙasa da miliyan ɗaya, alhali kuwa dabbobin da ke gidajen mutane ƙaruwa suka yi.

Shugaba, yanzu na iso kan abin da ya fi damuna, watau ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe wajen mutum 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu daga kare ya samo shi. In alamunsa suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to, sai dai addu'a. Wanda ya taɓa ganin yaro a wannan hali ba zai sake cewa maganar kare wasa ce ba.

Abin da hukumomi suka saba yi in cizo ya yi yawa shi ne a fito da bindiga ko guba. Wannan shi ne an sayar da kare an sayi biri. Muddin juji na nan da abinci, gurbin waɗanda aka kashe ba ya daɗewa: sauran su sami ƙoshi su hayayyafa, baƙi su shigo daga ƙauyuka, mutane su sake ɗauko sababbin kwiyakwiyai. Mafi muni, guba ba ta tambayar wane kare ne aka yi wa riga-kafi. Tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya ya gwada wannan hanya sa'ad da ciwon ya shiga can cikin 2008. An kashe karnuka fiye da 100,000, ciwon bai tsaya ba, ya bazu ko'ina a tsibirin, mutane fiye da 100 suka mutu. Sai da aka koma yi wa karnuka riga-kafi gadan-gadan daga ƙarshen 2010 sa'an nan aka ga sauƙi.

Ku gwada wannan da abin da aka yi a birnin Jaipur na ƙasar Indiya. Wata ƙungiyar taimakon dabbobi ta can ta fara kama karnukan titi cikin 1994, a yi musu fiɗiya, a yi musu riga-kafi, a ɗan tsaga kunne don shaida, in sun warke a mai da kowanne unguwar da aka kamo shi. Mai da shi ɗin nan shi ne hikimar abin, domin karen da ke zaune a wurinsa yana hana baƙon kare shigowa, ga shi ba ya haihuwa, ga shi ba ya ɗauke da ciwo. Daga Nuwamba 1994 zuwa Disamba 2002 sun yi wa karnuka 24,986. An ƙiyasta kashi 65 cikin 100 na matan sun sami aikin, yawan karnukan ya ragu da kashi 28 cikin 100, kuma a babban asibitin gwamnati na birnin masu kamuwa da ciwon daga unguwannin da aka yi aikin suka ragu har babu ko ɗaya, alhali a sauran wurare ƙaruwa suka yi. Cikin 2001 Indiya ta mai da wannan tsari doka ga ƙasa baki ɗaya. Amma doka a takarda dabam, aiki dabam. Inda aka yi wa 'yan kaɗan aka bari, waɗanda suka rage sun cike gurbin cikin ɗan lokaci.

A nan ne nake so ku buɗe kunne, gama a nan ne mutane ke ruɗewa. Ba fiɗiyar ce ta kori ciwon daga unguwannin Jaipur ba, riga-kafin ne. Fiɗiyayyen karen da ba a yi wa allura ba zai kamu da hauka, ya ciji ɗanka, kamar kowane kare. Abin da masana suka tabbatar shi ne in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri riga-kafi, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Maƙwabtanmu na Cadi sun nuna haka a birnin Njamena cikin 2012 da 2013, inda aka kai wannan adadi shekara biyu a jere da allura kaɗai, ciwon ya yi ƙasa ƙwarai a cikin karnukan birnin, har sai da aka sake shigo da shi daga waje. Ƙasar Meziko ma da riga-kafin kyauta na kowace shekara ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cikin 2019 cewa ta rabu da haukan da kare ke sa wa mutum. To, ina aikin fiɗiya a ciki? Aikinta shi ne ta sa alluran su yi auki. Inda ake haihuwar kwiyakwiyai da yawa suna mutuwa da yawa, in ka yi wa kashi 70 allura bana, baɗi da yawansu sun mutu, sababbi marasa allura sun maye gurbinsu, aikinka ya zama ɗibar ruwa da kwando. Inda haihuwa ta ragu kuwa, karen da ka yi wa allura bana shi za ka tarar baɗi. Riga-kafi shi ne na farko, fiɗiya mataimakiyarsa ce. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyu a wata ɗaya ba, ya fara da allura.

Da yawa daga cikinku za ku zauna a kujerun da ake rubuta kasafin kuɗin ƙananan hukumomi da ma'aikatun lafiya da na gona. Ran da aka kawo muku takarda ana neman kuɗin sayen guba, ina fata za ku tuna da Bali, ku tambaya nawa ne kuɗin allura. Ba ma sai an je nesa ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu yin maganin riga-kafin nan na karnuka.

Saura 'yan abubuwa ga wanda ya yanke shawarar kai nasa. A yi wa ɗan kwikwiyo allurar hauka yana da wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana katin. Kada a kai karya aiki tana cikin neman barbara, domin jijiyoyin jini sun cika a lokacin; a bari sai bayan wata biyu ko uku. Likita zai ce a hana abinci daren da za a wayi gari a yi aikin, a kiyaye wannan, don kada dabbar ta yi amai cikin barci ya shaƙe ta. Bayan aiki a ajiye ta a wuri mai tsabta da inuwa, a hana ta lasar ɗinkin, a kula da ƙuda, musamman da damina, a koma cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Namiji kuma a ci gaba da tsare shi 'yan makonni, gama yana iya ba da ciki a farkon kwanakin.

In kuwa kare ya ciji wani, naka ne ko na wani, ko da ƙarzuna ce kawai, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a sa gashin karen a ciwon, kada a ɗaure, kada a jira a ga abin da zai faru. A tafi asibiti a ranar a fara allura. Karen kuma in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, kada a kashe, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, domin halin da ya shiga cikin kwanakin nan shi zai nuna ko yana ɗauke da ciwon sa'ad da ya yi cizon.